Mudun Mai Sayarwa: Tarihin Neman Ma'auni Ɗaya Ga Gine-gine Masu Basira

Shekaru uku da suka wuce aka kira ni aiki a wani benen ofisoshi a Abuja. Takardar tallar wurin ta ce shi "gini ne mai basira", wato irin ginin nan da aka ce yana jin zafi da sanyi da kansa, ya san ɗakin da ke da mutane da wanda babu kowa, ya kunna abin da ake buƙata ya kashe wanda ba a buƙata. Abin da manajan ginin ya nema a wurina bai yi kama da abu mai wuya ba. So yake in rubuta masa manhajar da za ta tattaro bayanan na'urorin ginin gaba ɗaya a fuskar kwamfuta guda, ya riƙa gani daga kujerarsa.

Sati biyu na yi ina zarya tsakanin ɗakin janareta da rufin bene kafin in gane abin da na ɗauko wa kaina. Na'urorin sanyaya ɗakuna da yarensu, mitocin lantarki da nasu. Ƙofofin da ake buɗewa da kati kuwa ba sa magana da kowa sai manhajar kamfanin da ya saka su, shi kuma wanda ya riƙe lambobin sirrin ya daɗe da barin aiki. Wata mita na tambaya, ta ba ni lamba 2314, babu ƙarin bayani. Sai da na tono littafinta na gane cewa ƙarfin wuta take nufi, volt 231.4, ni ne zan saka ɗigon da kaina. A ginin nan kaf, wanda ya san lokacin da ya kamata a tayar da babban janareta da lokacin da ƙaramin zai wadatar shi ne wani dattijo mai kula da injuna, kuma a kansa yake riƙe da ilimin.

Ranar da zan miƙa aiki manajan ya nuna mini wani bene a ƙetaren titi, shi ma da allon tallarsa, ya ce, "Injiniya, tsakani da Allah, namu da wancan wanne ya fi basira?" Na rasa amsa. Babu mudun da zan auna su biyun da shi. Rashin amsar nan ne ya tura ni karatun tarihin lamarin, sai na tarar tambayar ta girme ni, ta ma girmi kwamfuta.

Tiyon da ya ƙi shiga famfo

Da safiyar Lahadi, 7 ga Fabrairun 1904, gobara ta tashi a wani babban kantin kayan tufafi a tsakiyar birnin Baltimore na Amurka. Iska ta kama ta, nan da nan ta fi ƙarfin 'yan kwana-kwanan garin. Aka buga waya neman ɗauki, aka loda injunan kashe gobara a jirgin ƙasa daga Washington, daga baya na Philadelphia da New York da wasu garuruwa suka biyo. Ruwa bai yi ƙaranci ba, domin garin a bakin ruwa yake. Amma da baƙin suka zo ɗaura tiyonsu a famfunan bakin titi, sai da yawa suka ƙi shiga. Kowane gari da faɗin bakin tiyonsa, da irin haƙoran da ake murɗawa. Wasu suka naɗe mahaɗar da ƙyalle, ruwan ya riƙa zuba ta gefe, ƙarfinsa ya ragu. Wuta ta yi kusan awa 30 tana ci, ta lashe gine-gine sama da 1,500.

Da hukumar ma'aunai ta Amurka ta bincika bayan gobarar, sai ta tarar da nau'in mahaɗar tiyo kusan 600 a ƙasar. Ba ganganci ne kaɗai ya jawo haka ba, akwai ciniki a ciki. Kamfanin da ya sayar wa gari famfo mai haƙora irin nasa ya san cewa gobe ma wurinsa za a dawo sayen tiyo. A 1905 aka fitar da ma'auni ɗaya na ƙasa, amma ba a tilasta wa kowa ba, kuma canza famfunan gari kuɗi ne. Haka aka yi ta jan ƙafa. A 1991, shekara 87 bayan Baltimore, gobara ta kama tsaunukan Oakland a jihar California, ta kashe mutum 25, kuma a cikin abubuwan da suka kawo cikas har da wannan tsohuwar matsala: bakin famfunan Oakland ya fi na maƙwabtanta faɗi.

Abu uku na tsinta a wannan labari, kuma za mu sake haɗuwa da su a gaba. Bambancin ma'auni riba ne ga mai sayarwa. Ba a cika tashi gyara ba sai an yi asara, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan rubuta ƙa'ida a takarda daban, bin ta daban.

Daga ƙararrawa zuwa kwamfuta

Ginin da ke jin yanayinsa ya samo asali ne daga wani malamin makaranta da sanyi da zafi suka dama. Warren Johnson yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Whitewater a jihar Wisconsin, inda ake ɗumama azuzuwa da murhu a ƙarƙashin gini. Mai kula da murhun sai ya riƙa shiga aji-aji yana duba zafi, yana katse darasi. Johnson ya ƙera wata na'ura da ke jin zafin ɗaki ta kaɗa wa mutumin ƙararrawa a can ƙasa, ya yi mata rajista a 1883. Bayan shekara biyu ya kafa kamfani a Milwaukee, wanda ya zama Johnson Controls na yau. Daga nan aka koma amfani da matsattsiyar iska a cikin siraran bututu, ita ce ke buɗe ƙofofin zafi ta rufe su ba tare da hannun mutum ba, kuma a haka manyan gine-ginen Amurka da Turai suka yi shekaru da dama.

Abin da ya sauya tafiyar shi ne rikicin man fetur na 1973, lokacin da farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Masu manyan gine-gine suka farka suka ga kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki yana cinye ribarsu. A daidai lokacin kuma kwamfuta ta fara araha. Sai aka fara saka ta a tsakiyar gini tana karanta zafin ɗakuna, tana kashe injuna da dare, tana tayar da su kafin ma'aikata su iso.

A 1983 aka kammala wani bene mai hawa 38 mai suna City Place a birnin Hartford na jihar Connecticut, wanda ake yawan kira gini mai basira na farko a duniya. Wani reshe na kamfanin United Technologies ne ya haɗa masa na'urorin sanyi da lif da na tsaro da wayoyin sadarwa, ana kuma sayar wa 'yan haya hidimar tarho da ta kwamfuta. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: sunan "mai basira" daga bakin mai sayar da kaya ya fito. Babu wata hukuma ko jami'a da ta zauna ta ce ga sharuɗɗan da gini zai cika kafin a kira shi haka. Kalmar talla ce tun ranar sunanta.

A ranar 1 ga Janairun wannan shekara ta 1983, cibiyar ARPANET, uwar intanet, ta koma kan ƙa'idar sadarwa ta TCP/IP, wadda kowa ke da damar karantawa ya yi aiki da ita kyauta. Kwamfutocin duniya suka kama hanyar samun yare ɗaya. Na'urorin gine-gine kuwa suka bi ta wata hanyar, kowane tsuntsu yana kukan gidansu.

Mai saye ya gaji

Wanda ya fi jin jiki a wannan hali shi ne mai gine-gine da yawa. Idan ka sayi na'urorin kamfani ɗaya a ginin farko, to ka ɗaure kanka, domin na wani kamfanin ba za su ji maganarsu ba. Ko dai ka koma wurin na farko ya yanka maka farashin da ya ga dama, ko ka jera kwamfutoci iri-iri a ofishinka, kowacce da ginin da take kallo. Tiyon Baltimore ne ya dawo a cikin waya.

A wancan lokacin Michael Newman ma'aikaci ne a Jami'ar Cornell, shi ke kula da na'urorin sarrafa makamashi na gine-ginen jami'ar, kuma wannan ɗauri ya ishe shi. Ya matsa wa ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, har ta kafa kwamiti ta ba shi shugabanci. Kwamitin ya fara zama a watan Yunin 1987 a Nashville. Sai da aka yi fiye da shekara takwas ana ja-in-ja, abokan hamayya a kasuwa suna zaune a tebur ɗaya, kafin a fitar da ƙa'idar BACnet a 1995. A 2003 ta zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 16484-5.

A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da ya burge ni a aikinsu shi ne ba su ce wa kamfanoni ga yadda za ku ƙera na'ura ba. Cewa suka yi, ƙera yadda ka so, amma idan aka tambayi na'urarka ta amsa a tsari ɗaya: ga sunana, ga abin da nake karantawa yanzu, ga ma'aunin da nake amfani da shi. Wannan ya bambanta da Modbus, tsohuwar ƙa'idar da kamfanin Modicon ya fitar a 1979, wadda lamba tsura take miƙo maka, irin 2314 ɗin da mitar Abuja ta ba ni. A Turai ma an yi irin wannan haɗaka, inda tsare-tsare uku suka dunƙule a 1999 suka zama KNX.

Duk wanda ya taɓa rubuta Hausa a kwamfuta shekarun baya ya san wannan ciwo. Ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ da wani salon haruffa na musamman, ka aika wa abokinka, ya buɗe ya ga akwatuna da alamun tambaya. Sai da tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba kowane harafi lamba ɗaya da duniya ta yarda da ita, sannan wayoyi da kwamfutoci suka bi, kafin haruffanmu masu lanƙwasa su riƙa isa inda aka aike su lafiya.

Amma ko BACnet ba ta kashe bakin zaren ba. Kamfanoni suka riƙa rubuta sunanta a jikin kwali alhali wani yanki kawai suka bi, har sai da aka kafa ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke jarraba na'ura kafin a manna mata tambari. Bayan haka wata matsalar ta ɓullo: na'urori suna jin juna, amma kowane ɗan kwangila da yadda yake raɗa wa wuraren aunawa suna, ta yadda baƙo ba zai gane ko wannan zafin ɗakin taro ne ko na bututun iska ba. Don magance wannan aka fara Project Haystack a 2011 da Brick a 2016. Kowane mataki aka hau, sai a hango na gaba.

Wa zai ba da maki?

Na'urori su ji juna abu ne guda. A ce wannan gini ya fi wancan kuma wani abu ne, kuma shi ne tambayar manajana. A nan masu kare muhalli ne suka riga kowa. A 1990 cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta fito da BREEAM, tsarin da ke ba gini maki kan makamashi da ruwa da kayan gini da lafiyar mazauna. Amurka ta biyo da LEED, wanda aka fara gwadawa a 1998, mai matakai har zuwa na Platinum. Takardun nan sun yi tasiri, domin 'yan haya da bankuna sun fara tambayar su, kuɗin haya ya fara bin su.

Sai ga wani darasi daga New York. Benen Bank of America da ke One Bryant Park, mai hawa 55, ya sami shaidar LEED Platinum a 2010, aka yi ta yabonsa a matsayin abin koyi. Amma a 2009 birnin ya riga ya kafa doka cewa manyan gine-gine su riƙa bayyana yawan makamashin da suka sha kowace shekara. Da alƙaluma suka fito, mujallar The New Republic ta ruwaito a 2013 cewa a kowane murabba'in ƙafa, sabon benen yana shan makamashi fiye da ninki biyu na benen Empire State da aka buɗe tun 1931. Ba ƙarya aka yi a takardar ba. Gangar jikin ginin da injunansa aka auna, kafin masu cinikin hannun jari su cika shi da dubban kwamfutocin da ba a kashewa dare da rana. An auna abin da ginin zai iya, ba a auna abin da ya yi ba.

Ostareliya ta bi wata hanya. A ƙarshen shekarun 1990 jihar New South Wales ta fara wani tsari da daga baya ya zama NABERS. Mai tantancewa ba ya tambayar irin na'urorin da ka saka. Takardun kuɗin wuta da na gas na wata 12 yake karɓa, ya duba girman wurin da awannin aiki da yanayin garin, sannan ya ba ka taurari, mafi yawa shida. Bayan shekara ɗaya shaidar ta mutu, sai ka sake. A 2010 gwamnatin ƙasar ta wajabta bayyana taurarin ga duk mai sayarwa ko ba da hayar ofis mai faɗin murabba'in mita 2,000 zuwa sama, a 2017 aka sauko da shi zuwa 1,000. Mai neman haya a Sydney ko Melbourne yana ganin taurarin a jikin talla, kamar yadda yake ganin farashi. Gani ya kori ji.

Mudu ya yi yawa

Kan batun basira kuwa, an daɗe babu mudun da kowa ya yarda da shi. Misalin da aka fi ambata shi ne The Edge a Amsterdam, wanda aka kammala a ƙarshen 2014, kamfanin Deloitte ne babban ɗan hayarsa. Yana da ƙananan na'urori kusan 28,000 masu jin motsi da haske da zafi, da manhajar waya da ke nema wa ma'aikaci tebur ta daidaita masa haske yadda yake so. Ya sami kashi 98.36 cikin ɗari a BREEAM. A 2015 kafar Bloomberg ta kira shi gini mafi basira a duniya. Makin BREEAM ɗin na kula da muhalli ne, an auna shi. Kirarin "mafi basira" kuwa kanun labari ne, domin a lokacin babu sikelin da kowa ya yarda a ɗora shi a kai.

Tarayyar Turai ta yi yunƙuri a hukumance. A 2018 ta gyara dokarta ta makamashin gine-gine ta shigar da abin da ake kira SRI, ma'aunin shirin gini na yin aiki da basira, a 2020 kuma ta fitar da cikakken tsarinsa. Mai tantancewa yana duba fannoni tara: ɗumamawa, sanyayawa, ruwan zafi, shigar iska, haske, tagogi da labulen da ke motsi da kansu, lantarki, cajin motoci, da sa ido kan na'urori. A kowane fanni ana duba matakin da ginin ya kai, daga makunnin hannu har zuwa na'urar da ke hasashen buƙata. Sai a auna amfaninsa ga abu uku: tsimin makamashi, jin daɗin mazauna, da iya sassauta wa layin wutar ƙasa a lokacin da buƙata ta yi yawa. An bar wa kowace ƙasa zaɓin ɗauka ko bari.

Kasuwa ba ta jira ba. A 2020 ƙungiyar masana'antun sadarwa ta Amurka da kamfanin gwaji na UL suka fito da SPIRE. A 2021 kamfanin WiredScore ya fito da SmartScore. Kowanne da abin da ya fi ba nauyi, wani makamashi, wani ƙarfin intanet, wani daɗin da ɗan haya ke ji. Gini ɗaya zai iya haskawa a wannan ya dusashe a wancan, kuma mai ginin, wanda shi ne ke biyan kuɗin tantancewa, shi ke zaɓen wanda za a auna shi da shi. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san abin da ke faruwa idan mai sayarwa ne ya zo da mudunsa daga gida. Ba lallai ya bubbuge gindin mudun ba, amma kai mai saye ba ka da yadda za ka gane.

SRI ɗin ma da nasa rauni, kuma yana cikin sunansa. Shiri yake aunawa. Ginin da aka cika da na'urori masu tsada zai ci maki ko da an kashe su tun watan farko an koma kunnawa da hannu. Darasin One Bryant Park bai gama shiga ba.

Akwai kuma abin da tsofaffin ma'aunai ba su yi tunaninsa ba. A watan Nuwamban 2016 aka kai harin intanet da ya rikita kwamfutocin da ke sarrafa ɗumama wasu benayen kwana biyu a garin Lappeenranta na ƙasar Finland, suka riƙa mutuwa suna tashi, zafi ya yanke ana tsakiyar sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowace na'ura da aka jona da intanet tsaga ce a bango. Haka nan ginin da ya san teburin da ka zauna da lokacin da ka fita, ya san abin da ba kowa ne ya kamata ya sani ba. Ma'aunin da ya ƙirga yawan na'urori bai tambayi wa ke riƙe da makullinsu da bayanansu ba, zai iya ba gini mafi haɗari maki mafi yawa.

Idan mudun ya iso kasuwarmu

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu hannu da shuni ce a Turai da Amurka. Amma kalmar ta riga ta iso allunan talla a Abuja da Legas da Kano, kuma ana ƙara kuɗin haya da sunanta. Bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati suna sayen waɗannan na'urori, wani lokaci da kuɗin jama'a. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, da na tsimin makamashi a gine-gine tun 2017, da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kayan aikin da za a fara da su suna nan.

Ɗauko mudun Turai yadda yake ba zai yi mana ba. SRI ya ba ɗumama ɗaki muhimmanci, mu kuwa zafi ne ke korar mu. Ya ɗauka cewa wutar ƙasa tana nan kullum, aikin gini shi ne ya rage sha idan an roƙe shi. A wurinmu gwanintar gini ita ce ya san lokacin da zai koma kan sola, lokacin da zai ja daga batir, lokacin da ba makawa sai janareta, da kuma abin da zai fara kashewa don dizal ya kai wata. Ya san ƙurar hunturu ta rufe farantan sola ko ta toshe matatar na'urar sanyi. Ya ci gaba da aiki idan intanet ta ɗauke. Ita kanta Turai ta bambanta nauyin maki tsakanin yankunanta masu sanyi da masu ɗumi, don haka ma'auni ɗaya ba ya nufin a rufe ido ga yanayin wuri. Abin da yake nufi shi ne duk gine-ginen da ke gasa a kasuwa ɗaya a ɗora su a sikeli ɗaya, sikelin da ba mai kaya ne ya ƙera ba.

Daga abin da tarihin nan ya nuna mini, ma'aunin kirki yana da siffofi huɗu. A rubuta shi a fili yadda kowa zai iya karantawa ya sake lissafin da kansa, kamar TCP/IP da BACnet. Mai saye ya kasance a teburin da ake rubuta shi, domin Newman ba mai ƙera na'ura ba ne, mai biyan kuɗinta ne. Ya auna abin da ginin ya aikata a shekara, ya kuma riƙa mutuwa ana sabuntawa, kamar na Ostareliya. Sannan a wajabta bayyana sakamakon, domin ƙa'idar ganin dama ce ta bar famfunan Oakland yadda suke har 1991. Zan ƙara na biyar daga abin da na gani da idona: a tambayi waɗanda ke cikin ginin, mai shara da mai gadi da mai kula da injuna da ma'aikaciyar da ke zaune kusa da taga, tunda mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Bayan wasu watanni na koma wurin manajan nan da takarda guda mai tambayoyi kaɗan. Lita nawa ta dizal da yunit nawa na wuta ginin ya sha a wata 12, idan aka raba da faɗinsa? Awa nawa 'yan haya suka yi babu wuta ko babu sanyi? Idan wata na'ura ta lalace, za a iya maye gurbinta da ta wani kamfani? Su wa ke riƙe da lambobin sirri, kuma a ina aka rubuta su? Idan dattijon nan mai kula da injuna ya yi ritaya gobe, me zai rage na abin da ya sani? Na ce masa ya cike tasa, ya roƙi na ƙetaren titi su cike tasu, sai mu ajiye su gefe da gefe.

Ya karanta ya yi dariya, ya ce ai na ƙetaren titi ba za su taɓa yarda su nuna masa rasiɗin dizal ɗinsu ba. Na ce masa gaskiyarsa, kuma shi ma da su ne suka fara tambaya da ba zai nuna nasa ba. Shi ya sa aikin ya fi ƙarfin manaja ɗaya da mai rubuta manhaja ɗaya, sai hukuma da ƙungiyoyin injiniyoyi da manyan 'yan haya sun sa hannu. Tasa takardar dai ya cike ta. Tambaya ta ƙarshe ce ta fi ba shi wahala, har ya sa aka ba dattijon littafi da biro, aka haɗa shi da wani matashi yana bin sa yana rubutawa.